Ruwan da Ramla Ta Ƙara

A wani lungu na Ƙofar Sauri akwai gidan Malam Lado magini. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Safara'u, da ɗiyarsu Ramla, wadda take aji biyu na ƙaramar sakandare a shekarar da wannan abu ya faru. Ba su rasa tuwo ba, don Safara'u tana soya gyaɗa da aya tana ƙullawa ana saye har gida. Ba su kuma rasa sutura ba. Abin da suka rasa sallama ce. A da, tun rana ba ta haura katanga ba za ka ji ana ta sallama a zauren gidan, wannan yana son a ɗora masa ɗaki, wancan yana son a yi masa daɓe, wani kuma ya zo ne kawai a duba masa bango a gaya masa ko zai kai damina. Yanzu zauren kan wuni ba wanda ya taka shi sai kaji.

Shi kuwa lungun gaba ɗaya, ruwa ya rasa. Famfo yakan zo ranar da ya ga dama, ya yi ɗan tari ya ɗauke. Shi ya sa a shekarar da ta gabata mutanen lungun suka haɗa hannu don a gina tankin kankare a ƙasa kusa da masallaci, in famfo ya zo a tara, in bai zo ba a kira mota ta cika. Aka ba Malam Lado aikin. Aka ɗora Alhaji Haruna, mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa, ya kula da kaya da ma'aikata, don ya fi kowa ba da siminti, ya kuma fi kowa murya.

Ranar zuba kankaren ta faɗo Juma'a. Ramla tana wurin, ta kawo wa babanta fura. Malam Lado ya sa an yi kwaɓi mai kauri, irin wanda ba ya shiga tsakanin katako sai an bi shi da sanda ana cusawa, don haka aikin yana tafiya a hankali. Alhaji Haruna ya dubi rana, ya dubi tarin tsakuwar da ta rage, ya ga lokacin masallaci zai riske su. Sai ya sa samari suka ɗauko jarkoki suka tuttule a kan kwaɓin. Malam Lado ya ɗago daga cikin ramin ya ce a bar shi haka, ruwan ya isa.

"Malam Lado, kankare muke zubawa ko tuwon dawa?" in ji Alhaji. "Ku sake shi ya gudu da kanshi, mu samu salla."

Aka yi dariya. Malam Lado mutum ne da ba ya maimaita wa babba magana a gaban jama'a. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki, kwaɓin yana malala cikin katako kamar kunu. Aka gama da wuri, kowa ya samu sahun gaba.

Da aka cire katako tankin ya fito sumul, har ana zuwa kallo daga wasu lunguna. Amma da ya sha zafin rana na ɗan lokaci sai ga tsaga siriri kamar zare ta sauko daga baki zuwa gindi, sai ga wata a kusurwa, sai ga wata. Aka cika shi da yamma, da safe ruwan ya koma rabi. A ƙofar masallaci, bayan la'asar, Alhaji Haruna ya yanke hukunci da kalma uku. Ya ce an ci siminti. Bai ambaci suna ba, ba a kuma buƙaci ya ambata ba.

Tun daga ranar maganar ta bi Malam Lado duk inda ya sa ƙafa. Waɗanda suka yi masa alkawarin aiki suka ce sun ɗaga sai bayan salla, sallar ta zo ta wuce. Daga baya ya koma wani wurin buga bulo a hanyar Jibiya yana lebura a ƙarƙashin yaran da shi ya koya wa riƙe cokalin gini. Yana dawowa da magariba hannuwansa fari fat, duk sun faffashe. A makaranta kuma maganar ta samu Ramla. In an fito tara sai wani yaro ya leƙa kwanon abincinta ya ce, "Ramla, yau ma tuwon siminti aka yi a gidanku? Ki sha ruwa kar ya daskare maki a ciki." Wadda take tare mata faɗa ita ce Joy, ɗiyar wani magini mai suna Nathaniel, mutumin Zonkwa da ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta koma ta Katsinawa. Benci ɗaya suke zama, hanya ɗaya suke bi zuwa gida. Joy ce ta taɓa kwaɗa wa yaron takalmi a ƙeya har aka kai su ofis.

Wata yamma Ramla ta kasa haƙuri, ta tambayi babanta me ya fasa tankin tunda ba siminti aka rage ba. Yana zaune a tsakar gida yana shafa man kaɗanya a hannu. Bai yi mata maganar Alhaji ba. Ya tambaye ta ko ta taɓa lura da laka a bakin kududdufi in ruwa ya janye. Ta ce tana tsattsagewa kamar bayan kunkuru. Ya ce to haka kankare yake. Siminti yana da iyakar ruwan da yake sha ya yi ƙarfi. Duk abin da aka ƙara a kan wannan zama kawai yake yi a ciki yana tare wuri, kuma dole wata rana rana ta kira shi ya fita. In ya fita sai ya bar gurbi, kankaren ya ja jikinsa ya tsuke. To bango ba ya iya tsukewa yadda yake so, don gindi ya riƙe shi, kusurwa ta riƙe shi, sai ya yage.

Ya ɗauki wata tsakuwa a ƙasa ya ɗora mata a tafin hannu. Ya ce wannan ba ta tsukewa, ko shekara nawa ta yi a rana. Ita ce ƙashin kankare. Abin da yake tsukewa shi ne kunun siminti da ruwa da yake zagaye da ita. In tsakuwa ta yi yawa daidai gwargwado, ta hana kunun motsi. In aka rage ta aka cika siminti don a burge mutane, kunun ya yi yawa, tsukewar ma ta yi yawa. Mutane sun ɗauka rowar siminti ce kaɗai take kawo tsaga, alhali sau da yawa bokiti ne.

Ramla ta ce to me ya hana shi faɗa musu haka a ƙofar masallaci. Ya ce wanda aka ce ya ci, in ya buɗe baki yana bayani sai a ce ga shi nan yana goge baki. Ya ce ta bar wa Allah. Ta ce to. Amma tsakuwar ba ta yar ba, ta jefa ta cikin jakar makarantarta.

Ta bar wa Allah a baki, a zuci kuwa ba ta bar masa komai ba. In Alhaji Haruna ya fito da safe cikin babbar riga yana ƙamshin turare, takan durƙusa ta ce ina kwana kamar yadda aka koya mata, ya amsa ba tare da ya dube ta ba, ita kuma ta bi bayan rigar da ido tana roƙon gara ta shiga shagonsa ta cinye atamfa tun daga ta ƙasa har ta sama. Ta taɓa binne ƙayar aduwa a inda yake kafe babur ɗinsa, akuyar maƙwabta ce ta taka. Ta taɓa ƙudurta cewa za ta tsaya a ƙofar masallaci ta faɗi abin da ta gani da idonta, sai ta tuna cewa samarin da suka tuttule jarkokin suna nan a lungun, da idanunsu da bakunansu, kuma ba wanda ya ce uffan. Abin da take so ɗaya ne. Tana son a wanke sunan babanta, kuma tana son a wanke shi da fuskar Alhaji Haruna.

Da bazara ta kama, ruwa ya ƙara wuya, sai labari ya zaga cewa Alhaji zai gina tankinsa na kansa a cikin gidansa. Ya sa aka jibge buhunan siminti a ƙofar gida, ba a ciki ba, don mai wucewa ya gani. Ya riƙa gaya wa mutane cewa wannan karon za a ga yadda tanki yake in ba a sa hannun ɓera a ciki ba. Maginin da ya ɗauko shi ne Nathaniel, baban Joy.

A lungun akwai al'ada: ranar da wani zai zuba kankare, kowane gida yakan tura yaro da bokiti. 'Yan ga-ruwa suna juye jarkokinsu a duro a ƙofar gida, don kurarsu ba ta shiga zaure, yara kuma su riƙa kai ruwan ciki, in an gama a ba su shinkafa da wake. Safara'u ta ce ko kusa ɗiyarta ba za ta ɗauki ruwa zuwa gidan mutumin da ya raba mijinta da sana'arsa ba. Malam Lado ya ce maƙwabtaka ba ta faɗuwa don an yi saɓani, a tura ta. Safara'u ta juya tana jiran Ramla ta tura baki, sai ta ga har ta ɗauko gammo tana naɗawa. Ta yi mamaki.

Ranar Asabar ce. An haƙa ramin a bayan ɗakin girki, an kafa rodi, an kewaye da katako. Nathaniel yana tsaye da tsohuwar hular kwano a kai yana nuna wa wani lebura mai suna Sule yawan kwanon yashi da na tsakuwa da za a zuba wa kowane buhu. Alhaji ya fito riƙe da mafici, ya dubi tarin da aka auna, ya ce tsakuwar ta yi yawa, shi ba titin mota yake ginawa ba. A rage ta, a ƙara siminti, yana son bango ya fito kamar madubi. Nathaniel ya ce masa yawan siminti ba shi ne ƙarfi ba. Alhaji ya ce da simintinsa da gidansa. Nathaniel ya sassauta kaɗan don a zauna lafiya, sannan ya ce to tunda haka ne ruwan sai an riƙe shi da kyau, in ba haka ba kowa zai ji kunya.

Ya ɗauko wani baƙin bokitin roba, ya sa ƙusa ya ja layi a jikinsa ta ciki. Ya dubi yaran da suka yi cirko-cirko da bokitansu, idonsa ya faɗa kan Ramla, fuskarsa ta washe. Ya tambaye ta Malam Lado, ya ce ta gaishe shi da kyau, ya ce a garin nan ba a yi mai daɓe irinsa ba. Sannan ya miƙa mata bokitin.

"Ke ɗiyar magini ce, kin san abin. Ni ina cikin rami, ba na ganin abin da ake a nan. Sauran yara su tara maki a baho, ke kaɗai za ki zuba a kwaɓi. Iyakar layin nan, ko Sule ya yi maki kuka kar ki ƙara."

Sule ya ce shi bai taɓa kuka a gaban mace ba sai uwarsa. Aka yi dariya. Ramla ta karɓi bokitin da hannu biyu ta ce to, Baban Joy.

Kwaɓin farko ta tsaya a layi. Na biyu ma haka. Nathaniel ya karɓi kwanon farko, ya damƙi kankaren ya matse a hannu, ya ga ya dunƙule bai zubo ba, ya ɗaga mata babban yatsa, ya koma ƙasa da sandarsa. Rana ta fara cizo. Alhaji ya gaji da tsayuwa ya shige inuwar ɗaki. Sule yana juya kwaɓi da shebur yana nishi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana cewa wannan ba kankare ba ne, hukunci ne.

A kwaɓi na uku Ramla ta cika bokitin har ya rufe layin da yatsa biyu. Ba wanda ya duba. A na gaba ta cika shi har baki. Daga nan kuma, in Sule ya juya baya yana ɗibar yashi, sai ta ƙara rabin bokiti a tsakiyar tarin ta tura busasshen siminti da ƙafa ta rufe. Shebur ya fara shiga da sauƙi. Sule ya dube ta ta gefen ido, ya dubi kwaɓin, ya yi murmushi ya ce Allah ya yi mata albarka, yau ga yarinya mai tausayin talaka. Bai san komai ba, ya dai ji bayansa ya huta.

Nathaniel ya lura. Ya ɗago kai daga ramin ya ce kwaɓin nan ya yi laushi, me ake yi a can sama. Sule ya ce yashin ƙasan tarin ne yake da danshi. Nathaniel ya kira sunan Ramla ya tambaye ta ko tana kan layi. Ta ɗaga bokitin da babu komai a ciki ta nuna masa, ta ce tana kai. Ya ce to ta rage kaɗan saboda yashin. Ta ce to. Kwaɓi ɗaya ta rage, sannan ta koma yadda take. Duk bokitin da ta tuttule, fuskar Alhaji take gani a ƙofar masallaci, da hannuwan babanta. Wannan na tuwon dawa ne, ta ce a ranta. Wannan na tuwon siminti. Wannan kuma na zauren da kaji suka gaje. Da aka gama aka kawo shinkafa da wake, ta ci har ta nemi ƙari.

Sai jira. Ba ta taɓa sanin jira yana da daɗi haka ba. Nathaniel ya yi ta zuwa safe da yamma yana yayyafa wa tankin ruwa yana lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, har ranta ya fara ɓaci, tana tsoron kar kulawarsa ta ɓata mata aiki. Da aka cire katako bango ya fito kamar madubi, yadda Alhaji ya so. Ya riƙa shigo da abokansa 'yan kasuwa suna shafawa suna sa albarka. Ya ce ba za a cika shi ba sai an yi masa murfin ƙarfe, maƙerin kuma ya yi ta ja masa rai, tankin yana zaune fanko a cikin zafin bazara. Ramla takan dubi rana da tsakar rana ta ji kamar ƙawarta ce. Ta ƙirƙiri dalilan shiga gidan: yau aron turmi, gobe kai wa Hajiya matar Alhaji gyaɗa. Kowane zuwa sai ta bi ta bayan ɗakin girki ta leƙa.

Ranar da ta ga tsaga ta farko, siririya ce ƙwarai, sai ta karkata kai sannan ta gan ta. Ta sauko daga baki ta nufi kusurwa. Ramla ta sa farce ta bi ta a hankali kamar mai shafa kan jariri. Ta koma gida tana waƙa, har Safara'u ta tambaye ta ko an ba su sakamakon jarrabawa ne.

Bayan an sa murfi aka kira motar ruwa. Yaran lungu suka bi ta da gudu, Alhaji ya tsaya yana ba da umarni a riƙe tiyo da kyau. Washegari ƙasar bayan ɗakin girki ta jiƙe sharkaf, kaji suna tono a cikin taɓo, ruwan tankin ya sauka har ana ganin tsagogin a fili, sun yi rassa kamar jijiyar ganye. Kafin hantsi labari ya kai bakin titi.

Abin da Ramla ta roƙa ya fara zuwa. Mai shayi ya ce ashe dai ba Lado ba ne. Liman ya ce dama shi bai taɓa sakin jiki da waccan magana ba. Wata tsohuwa ta shigo har tsakar gida ta ce wa Safara'u Allah ba ya barci. Alhaji Haruna ya kwana biyu yana fita ta ƙofar baya. Ramla ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji, ta yi ta neman hanyar da za ta haɗu da shi don ta durƙusa ta ce ina kwana ta ga idonsa.

Amma Alhaji bai daɗe yana jin kunya ba. A rana ta uku ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, inda ya tsaya bara, ya ce ya gano bakin zaren. Ya ce lokacin da ya shiga ɗaki ya huta ne aka yi masa sakiyar da ba ruwa. An fitar da buhuna ta baya, an kawo fanko an jibge masa don ya ƙirga ya ga daidai. Ya ce maginan zamani duk jirgi ɗaya ya kwaso su, na gida ya ci, baƙo ma ya ci. Wasu suka yi tsaki suka wuce. Wasu suka gyaɗa kai, don ba su san wani abin da ke fasa kankare ba in ba cin siminti ba.

Ranar Litinin da aka fito tara, Ramla tana buɗe kwanonta sai ta ji muryar yaron nan. Ta ɗago a shirye, amma ba ita yake kallo ba. Kwanon Joy ya leƙa.

"Joy, ashe ku ma kun iya tuwon? Ki tambayi Ramla irin miyar da ake ci da shi."

Joy ba ta cire takalmi ba wannan karon. Ta rufe kwanon a hankali, ta tura shi cikin jaka. A hanyar gida ta gaya wa Ramla cewa wani mutum da ya ba babanta ginin shaguna a Ƙofar Ƙaura ya aiko a dakata, kuma babanta ya daina cin abinci sosai, sai ya zauna yana zana abu a ƙasa da tsinke yana gogewa. Ta ce ita yanzu ta san abin da Ramla ta ji bara, ta yafe mata in a lokacin ba ta tare mata yadda ya kamata ba. Ramla ta ce ba komai.

Sallama ta dawo zauren Malam Lado. Ba kamar da ba, amma ta dawo. Wani ya zo a duba masa bango, wani yana son daɓe kafin damina. Har Alhaji ya aiko ƙaninsa, ba shi da kansa ba, a tambaya ko Malam Lado zai leƙa tankin ya ga abin da za a iya yi. Safara'u ta share zauren ta shimfiɗa sabuwar tabarma.

A kan tabarmar nan Nathaniel ya zauna wata yamma bayan la'asar. Ya zo da baƙin bokitin a hannu, da 'yan kayan aikinsa a ciki, ya kwaso su ke nan daga gidan Alhaji. Suka gaisa da Malam Lado gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, aka tambayi aiki, kowa ya ce da godiya. Malam Lado ya leƙa cikin gida ya ce Ramla ta kawo wa baƙo ruwa.

Tana zuwa da kofin ta tarar suna maganar tankin. Malam Lado yana cewa ya je ya gani, kuma irin wannan tsaga mai rassa ba ta rashin siminti ba ce, kwaɓin ne ya sha ruwa ya ƙoshi, ga kuma tsakuwa da aka rage. Nathaniel ya ce shi ma abin da idonsa ya gaya masa ke nan, shi ya sa abin ya hana shi sukuni. Tsakuwar dai ya san da ita, laifinsa ne da ya biye wa Alhaji. Amma ruwa, ya juya abin ta kowace fuska bai ga ta inda ya shiga ba. Ya zazzage kayan ya karkata bokitin ya nuna layin ƙusar.

"Ka ga, Malam, ban ba kowa ba. Ɗiyarka na ba, don na san gidan da ta fito. Da wani yaro ne sai in ce shi ne." Ya karɓi kofin a hannunta, ya sha, ya ce, "Sannu, Ramla. Kin sha rana a banza ranar nan, ki yi haƙuri."

Malam Lado ya miƙa hannu. Ya karɓi bokitin ya daɗe yana bin layin da babban yatsansa, wanda har yanzu bai gama warkewa ba. Bai ɗago ya dube ta ba, ita ma ba ta so ya ɗago. Can ya ajiye bokitin ya ce wa Nathaniel in zai taɓa tankin Alhaji to tare za su taɓa shi, in Alhaji bai yarda ba ya nemi wani. Nathaniel ya yi godiya, ya ce ko an gyara tanki maganar ta riga ta fita, kuma Malam Lado ya fi kowa sanin ba a kamo ta. Malam Lado ya ce haka ne.

Ramla ta koma ciki da kofin. Ta ji ƙarar babur ɗin Alhaji ya wuce ta ƙofar gida, yana amsa gaisuwar mutane da muryarsa yadda ya saba. Ta zauna a bakin murhu kusa da jakar makarantarta, tsakuwar nan tana ciki tun bara. Safara'u tana tankaɗe tana lissafa mutanen da suka yi sallama tun safe, ba ta lura da ita ba.

A nan Ramla ta gane cewa Alhaji Haruna ruwa kawai ya yi asara. Abin da aka yi wa babanta bai bar duniya ba. Ita ce ta ɗauke shi daga gidansu, ta kai shi gidan su Joy da bokitin da aka ba ta amana.